Kare Yana Da Ranar Hutu

Duk wanda ya fara cewa tsofaffi ba sa barci, yaro ne, kuma akwai aikin da yake son ɗora wa wata tsohuwa. A gidan Dokta maganar ta samu gindin zama, domin shi ba a bakin titi ya tsince ta ba, a littafi ya karanta, da Turanci.

Dokta malamin jami'a ne, masanin barci. Wato sai da ya ƙetare teku ya yi shekaru yana karatu don ya gano abin da ke samun mai rai idan aka hana shi runtsawa, abin da kowace mai jego za ta gaya masa tana tsaye a bakin murhu. Binciken da zai kai shi kujerar farfesa a kan karnuka yake. A ɗakin gwajinsu akwai wata na'ura mai kama da ganga, tana juyawa a hankali, kare na ciki dole ya yi ta tafiya, babu halin kwanciya. Na'urar ta lalace, mai gyara ya ce sai an kawo wani ƙarfe daga waje. Dokta ba mai jiran ƙarfe ba ne. Ya kwaso karnuka biyu, baƙi da ja, ya sauke su a bayan gidansa, sannan ya duba cikin gidan ko akwai na'urar da ba ta taɓa lalacewa ba. Idonsa ya sauka a kan yayarsa.

Tun rasuwar mijinta Yaya take zaune a ɗakin baya, kusa da igiyar shanya. Da yamma ya shigo mata da shayi a hannunsa, shi da kansa. Tana ganin kofin ta san da magana.

"Yaya, wata 'yar alfarma ce. Ba ma aiki ba ne, zama ne kawai."

"Zaman me?"

"Da rana ɗalibaina za su riƙa zuwa. Dare ne babu kowa. Ki riƙe igiyar karen, in kin ga ya lumshe ido ki ɗan ja, ku zaga tsakar gida. Shi ke nan fa."

"Kare ka ce? Ni da ko inuwarsa ba na so ta taɓa min zane?"

"Akwai safar hannu. Kuma ke dama ai ba barci kike yi ba. Duk lokacin da na fito shan ruwa fitilarki a kunne take."

Fitilar saboda ɓeraye take barinta, ita kuwa tana can tana minshari. Ta buɗe baki za ta faɗa, ya riga ta.

"Da rana sai ki rama. Kwana kaɗan ne. Idan aikin nan ya fito, sunan gidanmu ne zai fito."

Wanda ke cin abincin gidan ƙaninsa ba ya doguwar muhawara. Ta karɓi safar.

Dokta mutum ne mai bin doka, wannan ba a ƙwace masa. Jami'ar tana da kwamitin kula da haƙƙin dabbobi, kuma kwamitin ya gindaya sharaɗi: ba a hana kare barci fiye da 'yan kwanaki a jere, dole a ba shi hutu ya rama. Saboda haka aka share ɗakin ajiyar kaya, aka sa katifa sabuwa, aka rataya labule mai kauri, aka kafa fanka. A ƙofar aka manna takarda cewa a yi shiru. Idan Baƙi yana aiki Ja yana hutu, idan Ja ya karɓa Baƙi ya shiga ya miƙe ƙafa. Igiyar tana canza wuya, amma hannun da ke riƙe da ita ɗaya ne. An kuma ɗaura kyamara a jikin sandar shanya, aka saita ta daidai idon kare. Abin da take ɗauka na Yaya daga gwiwa ne zuwa ƙasa.

Ranar da za ta fara ramawa, ta miƙa igiyar ga ɗalibai da safe, ta wanke hannu, ta doshi ɗakinta. Matar Dokta ta tare ta a ƙofar kicin, jaka a kafaɗa, makullin mota a hannu, yaron da ta yaye a gindinta.

"Yaya, tunda idonki biyu, ga wannan. Na makara. Masu kawo gas za su zo, ki buɗe musu. Yara in sun dawo makaranta a dafa musu shinkafa, kada ta caɓe kamar ta rannan."

"Ban runtsa ba fa."

"Ayya, sannu. In ya yi barci sai ki kwanta tare da shi."

Yaron bai san da wannan shiri ba. Barcinsa kamar na tsuntsu ne, kuma da ya lumshe ido sai a buga ƙofa: mai gas, mai kwashe shara, maƙwabciya mai aron turmi, ɗalibi mai neman ruwan sanyi. Kafin ta ankara rana ta faɗi, an miƙo mata igiya.

Haka aka yi ta yi. Da farko ciwon kai ne, sai idanu suka yi kamar an zuba musu yashi. Daga nan ƙananan abubuwa suka fara ɓata. Ta sa butar shayi a firji. Ta zuba wa shinkafa gishiri, ta manta, ta sake zubawa. Tana cikin magana sai kalmar ta tsere mata, ta tsaya da baki buɗe tana nuna cokali, ta kasa kiran sunansa. Yara suka mayar da abin wasa. "Gwaggo, mene ne wannan?" Su ɗaga takalmi, su fashe da dariya.

Wata safiya ta tari Dokta yana shafa wa burodi man shanu.

"Dokta, jikina ba ya ɗauka. Ka samo wanda za mu riƙa karɓa-karɓa, kamar yadda karnukan ke yi."

"Saura kaɗan, Yaya."

"Haka ka ce wancan makon."

"Bari in gaya miki abin da bincike ya tabbatar. Mutum mai shekarunki, awa huɗu ta ishe shi."

"To a ina zan samo huɗun?"

Ya ajiye wuƙar, ya dube ta da irin haƙurin da malami ke yi wa daƙiƙin ɗalibi. "Matsalarki rashin tsari ce. Wuni guda cur kina gida. Mu da muke fita aiki me za mu ce?"

Matarsa ta sa baki daga bakin madubi. "Kuma fa a zaune take kwana. In ka ji ana cewa an kwana ana aiki, sai ka ɗauka dutse aka fasa."

"Ko mai gadi a ɗauka mana," in ji Yaya.

"Baƙo? A cikin gidana, da dare, ga mata ga yara?" Dokta ya girgiza kai. "Ke na yarda da ke. Ai abin alfahari ne."

Ta koma da alfaharinta bayan gida.

Ita da ba ta son inuwar kare, sai ga ta tana hira da Baƙi. Idanunsa sun yi ja, ƙafafunsa na harɗewa, yakan jingina da bango kamar mashayi. Idan ya lumshe ido ta ja igiyar, sai ta ce, "Yi haƙuri, bawan Allah, ni ma aiko ni aka yi." Wani dare suka jingina da bangon tare, kuma bangon ya karɓe su duka biyu. Ba ta san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Kyamara ta sani.

Dokta ya kira ta falo, ya juyo mata da kwamfuta. Ga Baƙi a miƙe, ga ƙafafunta biyu a gefe ba sa motsi.

"Kin san abin da kika yi? Duk wahalar da dabbar nan ta sha ta tashi a banza. Sai an sake daga farko. Ba kya tausayinsa?"

"Ina tausayinsa."

"To ki nuna. Abu ɗaya tak aka roƙe ki a gidan nan."

Tun daga ranar tsoro ya shige ta. Ta daina zama, a tsaye take kwana. Hannunta ya koyi aikin har ya daina neman izininta: ido ya lumshe, hannu ya ja. Ranar nan da azahar yaron ya fara gyangyaɗi a cinyarta, idanunsa suka lumshe, sai ta fizgi hannunsa ta miƙar da shi tsaye, ta kama zagaya tsakar gida da shi. Yana kuka, tana cewa, "Yi haƙuri, saura kaɗan." Duk lokacin da ya yi laushi ta sake ja. A haka uwarsa ta dawo ta same su, yaro ya yi kuka har muryarsa ta dushe, Yaya tana tafe tana kallon gabanta kamar mai bin layi.

Matar Dokta ta fizge ɗanta. Ba ta yi wa Yaya magana ba, mijinta ta jira. Yaya tana kicin tana jin su ta taga.

"Ni dai na gaya maka, matar nan ta fara taɓuwa. Jiya ce min ta yi bango yana numfashi."

"Tsufa ne. Ƙwaƙwalwa takan fara ruɗewa a shekarun nan."

"Tsufa ko ba tsufa ba, ba zan bar mata ɗana ba."

Da safe ta bar mata shi, domin ta makara.

Kalmar taɓuwar nan ce ta tsaya wa Yaya a rai. Ta rasa miji, ta rasa ɗakin kanta, abin da ya rage mata a duniya shi ne a ce mace ce mai hankali, wadda dangi ke kawo wa ƙara ta raba gardama. Ta ƙudura ba za ta bari a ƙwace wannan ba. Ta riƙa maimaita sunayen kayan kicin a zuciyarta. Ta riƙa cizon leɓe kafin ta yi magana. Idan bango ya motsa sai ta kau da kai, ba ta gaya wa kowa.

Sai kwamiti ya aiko cewa zai zo duba lafiyar karnuka.

An wanke tsakar gida da sabulu, an canza wa Ja zanen katifa, domin shi ke hutu. Mutum uku suka zo da hantsi: shugaban kwamiti mai tumbi da taye, wata likitar dabbobi mai gilashi, da wani mai riƙe musu jaka. Yaya ta kawo musu lemo a faranti. Babu wanda ya dubi fuskarta. Likitar ta durƙusa gaban Baƙi, ta buɗe masa ido, ta duba dasashinsa, ta taɓa tafin ƙafarsa.

"Ya rame kaɗan. Ana ba shi ruwa a kan kari?"

"Sosai," in ji Dokta.

"Wa ke tare da shi da dare?"

"Muna da tsari na cikin gida."

"Madalla. Ka san dabba ba ta da bakin faɗa, mu ne bakinta."

Shugaban ya gyaɗa kai, ya ce wannan magana ta yi. Matar Dokta ta raɗa wa Yaya ta je ta duba ko kwanon ruwan Ja a cike yake kafin baƙi su shiga.

Yaya ta tura ƙofar ɗakin hutu. Duhu mai sanyi, fanka na kaɗawa a hankali, Ja ya baje a gefe guda na katifa yana sauke numfashi. Kwanon a cike yake. Ta sunkuya don ta gyara gefen zanen da ya zame, gwiwarta ta taɓa katifar. Katifa mai laushi, irin wadda ba ta taɓa kwanciya a kai ba. Ta ce bari ta ɗan dafa.

Da baƙi suka buɗe ƙofa, sun tarar da yayar masanin barci a dunƙule a katifar kare, bayanta na jingine da bayan Ja, ɗankwalinta ya zame, bakinta a buɗe.

Likitar dabbobi ce ta fara magana, da raɗa.

"A tashe ta a hankali, don Allah. Kada a firgita karen, lokacin hutunsa ne."

Da ƙyar aka tashe ta. Ta miƙe tana lalube a ƙasa tana tambaya ina igiyar. Dokta ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce wa baƙinsa, "Yayata ce. Ba ta da lafiya, muna fama." Shugaban kwamiti ya dafa kafaɗarsa, ya ce a zamanin nan samun mai riƙe ɗan'uwa mara lafiya a gidansa sai an tona. Suka ba karnuka shaidar cewa ana kula da su yadda ya kamata, suka shanye lemonsu, suka tafi.

Washegari aka kira Kawu, ƙanin mahaifiyarsu, wanda ba a yanke magana a dangi sai da shi. Ya zauna a kujerar da ta fi laushi, aka zayyana masa: buta a firji, bango mai numfashi, jan yaro, kwanciya da kare.

"Da kare?" Kawu ya riƙe baki. "Ke kuwa, 'yar nan, me ya same ki? Ke da kike yi wa mutane faɗa?"

"Kawu, barci nake ji. Shi ke nan ciwona. A bar ni in kwana biyu a ɗakina, a gani."

Kawu ya dubi Dokta. Dokta ya yi ajiyar zuciya.

"Kawu, barci fannina ne. Da rashin barci ne ai ni zan fara ganewa. Kuma irin wannan ciwon, alamarsa ta farko ita ce mai shi ya ce lafiyarsa ƙalau."

"To kin ji. Mutum ya je har ƙasar waje ya karanto abu, ke kina daga ɗakin baya za ki koya masa? Gidan nan an ci da ke, an sha da ke. Ɗan zaman da kike yi da dabba ne ya zama abin magana?"

"A tsaye nake yi, Kawu."

"Kun ga irin ta ko? Gardama. Da ba haka take ba."

Aka yanke a kai ta asibitin masu taɓin hankali a duba ta. Ba ranar ba, domin Baƙi bai gama zagayensa ba, kuma babu mai riƙe igiya. Sai da ya shiga hutu, aka roƙi wani ɗalibi ya tsaya wa Ja, sannan aka sa ta a mota.

Tun a hanya take shiri. Ta maimaita ranar mako, ta maimaita sunan wata, ta jera sunayen 'ya'yan Dokta daga babba zuwa ƙarami. Za ta amsa duk abin da aka tambaye ta, tsaf, ta kunyata su.

Likitan saurayi ne, kuma Dokta ya taɓa koyar da shi, saboda haka rabin ganawar gaisuwa ce. Dokta ya yi bayani da Turanci, likita yana "haka ne, ranka ya daɗe." Daga bisani likitan ya juyo gare ta, ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma.

"Baba, zan yi miki 'yan tambayoyi masu sauƙi. In kin amsa daidai, babu abin da zai sa mu riƙe ki, yau ɗin nan za ki koma gida. In kuwa akwai matsala, sai ki zauna da mu a nan mu lura da ke."

"In koma gida yau?"

"Yau ɗin nan."

Dokta ya duba agogonsa. Ta san lissafin da yake yi: in an gama da wuri, za su isa kafin ɗalibin ya tashi.

Ƙofar ofishin a buɗe take. Ta cikinta Yaya ta hango ɗakin mata, gadaje a jere, labule a sauke. Wata mata tana kwance ta juya wa duniya baya, bargo har kunne, da rana tsaka, kuma babu wanda ya zo ya ja ta. Gadon da ke kusa da nata babu kowa. An ja zanen ya miƙe, an ɗora matashi.

"Baba, yau wace rana ce?"

Talata ce. Ta san Talata ce kamar yadda ta san tafin hannunta. Amma ta ƙi faɗa.

"To, bari mu bar wannan. Wannan da ke zaune kusa da ke, wane ne?"

Ta juya ta dubi ƙaninta. Ta san tabon da ke bayan kunnensa da abin da ya jawo shi. Ta san in ta faɗi abin da ke bakinta, daga yau babu mai kawo mata ƙara, babu mai neman shawararta, duk maganar da ta yi za a dubi juna a ce a yi mata uzuri. Yaran dangi za a riƙa janye su daga gabanta. Ta sake duban gadon.

"Mai gyaran famfo ne," in ji ta.

Likita ya sunkuyar da kai ya kama rubutu. Matar Dokta, wadda ta rako su, ta ce, "Ka gani ko? Ni dama na faɗa." Dokta kuwa fuskarsa ta canza, ya gyara zaman tayensa.

"Mai gyaran famfo," ya maimaita. "Duk sana'o'in duniya."

Nas ta zo ta kama hannunta. Ta zaunar da ita a bakin gadon, ta cire mata takalmi, ta ce bari ta kawo allurar barci. Yaya ta so ta ce a bar allurar a ba mai buƙata, amma ta tuna mahaukaciya ba ta ba da shawara.

Ta kwanta. Daga bakin ƙofa muryoyinsu na zuwa mata kamar daga cikin rijiya.

"Yanzu Ja fa? Yaron nan ba zai kwana ba, ya ce yana da jarrabawa."

"Ni dai kada ka dube ni, ina da aiki da safe."

"Mamanki fa? Ba kin ce tana kukan kaɗaici ba?"

"Mama tana da hawan jini," in ji matar Dokta. "Amma akwai Inna, ƙanwarta. Tun da ta yi ritaya ba ta komai. Kuma ka san tsofaffi."

"Kira ta. Ki ce ta zo ta kwana biyu ta huta."

Yaya ta yunƙura za ta ɗaga kai. A gaya wa matar nan kada ta zo, a gaya mata ta ce ƙafarta na ciwo. Ko da ta faɗa, wa zai ɗauka? Likita ya riga ya rubuta.

Da nas ta dawo da allurar, ta tsaya ta dube ta, ta ga barci ya riga ya ɗauke ta, ta mayar wa allurar murfinta, ta ja labule.